Jini ya zuba a kai, su kuma likitoci na son huda baya: tambayoyinku da amsoshinsu

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan makon. Saƙonnin da suka taru a kan zubar jini a ƙwaƙwalwa sun ɗan yi yawa, shi ne na tsinci waɗanda suka haɗa hanya, na rage tsawon wasu, sunaye kuma na cire kamar kullum.

TAMBAYA: Salam Likita, barka da ƙoƙari. Dan Allah a cikin damuwa nake. Yayana yana aiki a Jamus, shekaranjiya ciwon kai ya sare shi lokaci guda ya yanke jiki ya faɗi, a asibiti suka ce wata jijiya ce ta fashe a kansa, sun toshe ta Alhamdulillah, amma yanzu wai za su sa mishi tiyo a gadon baya su riƙa tsiyaye ruwa. Ni abun da ban gane ba, jini a kai me ya kawo baya? Hajiyarmu ta ce kar matarsa ta kuskura ta sa hannu, wani ɗan uwanmu kuma ya ce ya karanta wai da kwamfuta aka gwada abun ba da mutane ba. Daga wata 'yar uwa a Zariya.

AMSA: Wa alaikis salam 'yar uwa, Allah ya ba Yaya lafiya ya sa kaffara ne. Ki kwantar wa Hajiya da hankali, ba gwaji za a yi da ɗanta ba. Bari in fara da ruwan don in ba a gane shi ba sauran maganar ba za ta shiga ba. Ƙwaƙwalwa da lakar da ta sauko ta cikin ƙashin baya ba a bushe suke zaune ba, cikin wani ruwa suke garai-garai, kuma ruwan kai da na baya abu ɗaya ne, ta wuya suka haɗe. A jikin babban mutum kimanin mililita 150 ne a lokaci guda, amma jiki yana samar da kusan 500 a rana, wato ledar fiya wata guda, yana kuma shanye tsohon, kin ga kenan a wuni da kwana ana sabunta shi sau 3 zuwa 4.

Irin ciwon Yaya, bangon wata jijiyar jini ne ya yi rauni ya kumbura ya yi ƙululu sai ya fashe, jinin kuma cikin wannan ruwan ya kwarara, ya kwanta a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa inda manyan jijiyoyi suka ratsa. Toshewar da aka yi ta tsayar da zubar, amma wanda ya riga ya zuba yana nan bai je ko'ina ba, toh nan ne matsala ta biyu take fitowa, kuma ita ce mu likitoci muka fi jin tsoro bayan an wuce ranar farko. Daga wajen rana ta 3 zuwa ta 14 jajayen ƙwayoyin jinin nan suna farfashewa, abun da ke cikinsu yana sa jijiyoyin da ya kwanta a kansu su tsuke, jini ya kasa isa wasu sassan ƙwaƙwalwa, sai ki ga mutumin da jiya yake hira yau hannu ya saki ko magana ta sarƙe. Kusan mutum 3 cikin 10 suna gamuwa da wannan. Shi ya sa ake ba su ƙwayar nimodifin duk bayan awa 4 har kwana 21. Sannan jinin yana iya toshe wuraren da jiki ke shanye ruwan, ruwa ya taru, ƙoƙon kai kuma ba ya buɗawa.

Me ya kawo baya? Sabon ruwan a cikin wasu koguna da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ake yinsa, daga nan ya fito ta ƙasa ya zagaye. In aka sa tiyo ta kai, wanda shi ma ana yi sosai don rage matsi, daga kogunan nan yake kwasar ruwan tun bai fito ya bi ta kan jinin ba. In kuwa ta ƙasan baya ake ja, dole sabon ruwan ya ratso ta inda jinin yake ya tafi da shi ƙasa, ga shi dama jini ya fi ruwan nauyi. Dabarar kenan.

Batun wai ba a gwada a kan mutane ba, ɗan uwanku rabin labari ya karanta. A Leeds ta Ingila an yi gwaji mai suna LUMAS da mutum 210, aka buga a 2012, an ga taɓarɓarewar nan ta kwanakin farko ta ragu amma bayan wata 6 ba a ga bambanci ba. Sai kuma EARLYDRAIN, wanda Dakta Stefan Wolf na asibitin Charité a Berlin ya jagoranta a asibitoci 19 na Jamus da Suwizalan da Kanada, aka buga a 2023. Mutum 287, rabinsu an sa musu tiyon baya cikin awa 72 na farko ana ɗibar mililita 5 a awa, cokalin shayi ɗaya kenan fa, ba wani kwararo ba. Bayan wata 6, waɗanda suka rasu ko suka nakasa har suna buƙatar taimakon wani kashi 32.6 ne cikin 100 a masu tiyon, 44.8 a waɗanda ba a sa wa ba. A wannan ciwon wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Don haka ƙasar da Yaya yake ma tana cikin waɗanda suka san abun sosai.

Yana da haɗarinsa, ba zan ɓoye miki ba: ƙwayar cuta na iya bin tiyon, in aka ɗiba da yawa kuma ƙwaƙwalwa na iya zamewa ƙasa ta danne inda numfashi yake, shi ya sa sai sun duba hoton cikin kai na na'urar CT sun ga hanyar ruwan a buɗe take kafin su fara. Matarsa ta tambaye su kai tsaye, kun duba hoton, nawa za ku riƙa ɗiba a awa, kwana nawa zai yi. Za su amsa mata.

TAMBAYA: Likita ina wuni. Ni ɗalibin injiniya ne, a makaranta muna lissafin tafiyar ruwa a bututu da kwamfuta, sai na ji ana yin irinsa da ruwan ƙwaƙwalwa. Wai ta yaya? Ai kan mutum ba bututu ba ne. Daga wani ɗalibi a Maraɗi.

AMSA: Lafiya lau ɗana, kuma tambayarka ta yi min daɗi. Lissafin dai naku ne, wato ƙa'idojin Navier da Stokes na ƙarni na 19, su ɗin da ake hasashen yanayi da su ake kuma ƙera fiffiken jirgi. Ruwan ƙwaƙwalwa ma bai ba da wahala ta wajen kauri ba don kusan ruwan sha ne. Wahalar tana wajen siffar wurin da kuma yadda ruwan ke motsi.

Da farko sai a ɗauki hoton MRI na mutum tun daga kai har ƙugu, a zana iyakar duk inda ruwan yake, sai a samu wani siririn fili mai lanƙwashe-lanƙwashe da ya zagaye ƙwaƙwalwa da laka, ga saiwoyin jijiya 31 a kowane gefe suna ratsa shi. A yayyanka filin nan zuwa ƙananan gidaje miliyoyi, kwamfuta ta riƙa lissafa gudun ruwa da matsinsa a kowane gida, ɗan lokaci bayan ɗan lokaci. Sannan ruwan ba gudu yake ta gefe ɗaya kamar na famfo ba, kai-komo yake. Duk bugun zuciya jini ya shigo kai, tunda ƙoƙon kai ba ya buɗawa sai ruwan ya matsa ƙasa ta wuya, kusan mililita 1 ko ƙasa da haka, ya sake komowa, numfashi ma yana tura shi. Wannan batu na cewa in abu ɗaya ya ƙaru a cikin kai dole wani ya fita, tun likitoci Monro a 1783 da Kellie a 1824 aka san shi a Sikotlan. Akwai wani irin MRI da ke auna gudun kai-komon, shi ake ba kwamfutar a matsayin abun da ke shiga da fita. Abun sha'awar shi ne, ruwan ya je ya dawo amma ba ya dawowa daidai inda ya taso, saiwoyin nan suna murɗa shi, sai a samu wani ɗan gudu a hankali da yake gauraya komai, kuma shi ne yake ɗaukar jini daga wani wuri zuwa wani a cikin awanni. Ido ba zai gane maka wannan a jikin maras lafiya ba, lissafi ne ke fito da shi.

Tun shekarun 1970 wani masani Anthony Marmarou ya fitar da lissafin dangantakar yawan ruwan da matsin cikin kai, amma nasa kamar jaka ɗaya ya ɗauki kan gaba ɗaya, ba ya gaya maka ina jini ya tafi. Na zamani mai siffa su ne ke yin wannan. A Jami'ar Illinois da ke Shikago, Kevin Tangen da Farfesa Andreas Linninger da abokan aikinsu sun buga aiki a 2016: sun ƙera samfurin kai da baya a ɗakin gwaji mai bugawa kamar na mutum, suka zuba jinin alade a daidai ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, suka riƙa tsiyayewa ta ƙasa suna canza yawan ɗiba da yanayin kwanciya, sannan suka yi irinsa a kwamfuta suka gwada ko za su zo ɗaya. Abun da suka gano, yawan ɗiba da yadda jiki yake su ne manya, kuma in jiki a ɗage yake jinin ya fi saurin barin kai ya gangaro. A Jami'ar Idaho kuma Mohammadreza Khani da Bryn Martin sun buga wani a 2020, suka kwatanta tiyon baya na gargajiya da wata na'ura ta kamfanin Minnetronix na Minnesota mai suna Neurapheresis, wadda tiyonta baki biyu ne, ta zuƙo ruwa daga ƙasan baya ta tace jinin ta mayar da ruwan can sama a tsakiyar baya, don haka ana iya juya ruwa mai yawa ba tare da an ƙarar da shi ba. A lissafinsu tacewar ta fi sauri a tsakanin bakunan nan biyu, cikin kai kuwa inda ake buƙata abun a hankali yake tafiya ko da wace hanya aka bi, don gudun gaurayar can ya yi ƙasa ƙwarai da na baya. Ni wannan sakamakon na ƙarshe ya fi burge ni, don bai yi wa kowa daɗin baki ba.

In kana son taɓawa da hannunka, 3D Slicer na zana siffa daga hoto kyauta ne, OpenFOAM na lissafin ruwa ma kyauta ne, sai dai kwamfutarka ta hannu za ta sha wuya, bugun zuciya kusan 100,000 ne a rana ɗaya kuma kowanne sai an yanka shi gunduwa-gunduwa, shi ya sa masu aikin ke lissafa 'yan bugu kaɗan su ciro matsakaicin gudun sannan su yi amfani da shi wajen bin jinin na awa 24.

TAMBAYA: Malam Likita, ni dai ban yarda da wannan abun ba. In kwamfutar ta iya, me ya sa ba za a sa hoton kowane maras lafiya ta faɗi daidai abun da za a yi mishi ba? In kuma ba ta iya ba, kuɗin bincike kawai ake ci. Daga wani malamin makaranta a Katsina.

AMSA: Malam ka matse ni a lungu, amma akwai hanya ta uku. Kwamfutar tana lissafa inda ruwa ya bi ne, ba ta lissafa ko mutum zai tashi ya koma kasuwa. Amfaninta shi ne tambayoyin da ba za ka iya gwadawa a kan mutane ba, misali ba wanda zai ɗauki maras lafiya a ɗakin kulawa ta musamman ya ce yau mu ɗibi 5 gobe 20 jibi mu zaunar da shi mu gani, wannan ba hali ba ne kuma ba kwamitin da zai yarda. A kwamfuta kana iya gwada hanya 50 ba ka cutar da kowa ba, ka zubar da 47, sauran ka kai su gwajin asibiti. Ka duba EARLYDRAIN, daga 2011 zuwa 2016 ana tara mutane, tambaya ɗaya tak ya amsa a kan ɗiba guda ɗaya. Ba za a iya yin irinsa ga kowace tambaya ba.

Amma shakkarka tana da tushe. Yawancin waɗannan lissafe-lissafen suna ɗaukar jinin kamar rini da ya narke a ruwa, alhali jini na gaske yana daskarewa ya manne a lungu, ya yi kwanaki yana narkewa kaɗan-kaɗan. Da yawa suna ɗaukar bangon a sandare alhali yana ɗan motsi. Akwai wasu siraran zaruruwa birjik a cikin filin ruwan da MRI ba ya iya ganinsu, sai dai a ƙiyasta. Sau da yawa kuma siffar mutum ɗaya mai lafiya aka yi aiki da ita, ba kan da ya kumbura ba. Hatta inda jiki ke shanye ruwan masana na ta sake duba shi, don sai a 2015 aka bayyana wasu hanyoyin magudana a fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa. Ka ga wanda bai gama sanin ƙofar fita ba lissafinsa sai an bi shi da hankali.

Ɗauki maganar ɗaga jiki da na faɗa wa ɗalibin can. A lissafi ta yi kyau, amma a gadon asibiti in ka zaunar da mai tiyon baya nauyin ruwan da ke sama yana ƙara turo shi waje, kafin nas ta ankara an ɗibi fiye da kima, ga kuma jinin da ke hawa kai wanda dama shi ake lallaɓawa. Don haka likita ba zai karanta takarda ɗaya ya ɗaga gado ba. Kuma masu jinya ku ji wannan da kyau, ko tiyon kai ne ko na baya, tsayin da aka rataye jakar ruwan aunawa aka yi, kar wanda ya ɗaga gadon ko ya gyara jakar ko ya tayar da maras lafiya zaune don a ba shi kunu sai an kira nas ta rufe tiyon tukuna. Mu nan da dangi ke cika ɗaki kowa na son ya taimaka, wannan ya fi komai saurin faruwa.

TAMBAYA: Likita, maigidana hawan jini ya buge shi bara, suka ce jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa, har yanzu ɓarin dama bai dawo ba. Da na ji wannan maganar sai raina ya ɓaci, me ya sa shi ba a tsiyaye mishi ba? Daga wata uwargida a Gusau.

AMSA: Hajiya Allah ya ƙara wa Alhaji sauƙi, ya ba ki ladan jinya. Ban ga hotonsa ba amma yadda kika kwatanta ya fi kama da zubar da ke faruwa a cikin naman ƙwaƙwalwa, wadda hawan jini ya fi kawowa, kuma ita ce ta fi yawa. Wannan jinin gudaji yake yi a wuri guda, ba a cikin ruwan yake ba, ko an tsiyaye ruwan baya ba zai fito ba, hasali ma in gudajin babba ne yana danna ƙwaƙwalwa huda baya na iya kashe mutum. Don haka ba tauye shi aka yi ba. Ko a inda jinin ya ɓalle ya shiga kogunan ruwan, wani babban gwaji mai suna CLEAR III da Jami'ar Johns Hopkins ta jagoranta da mutum 500, aka buga a 2017, sun riƙa zuba maganin narka gudaji ta tiyon kai, mutuwa ta ragu amma yawan waɗanda suka warke da kyau bai ƙaru ba. Kin ga fitar da jini daban, dawowar ƙwaƙwalwa daban. Abun da zai amfane shi yanzu gashi da motsa jiki a wajen masu fisiyo, da shan maganin hawan jini kullum ba sai ya ji ciwon kai ba, a kuma rage gishiri da dunƙulen miya.

TAMBAYA: Mu dai tun lokacin sanƙarau muke jin in aka cire wa mutum ruwan baya ƙafafunsa shanyewa suke ko ya daina haihuwa. Gaskiya ne? Kuma ƙaho a ƙeya ba zai fitar da mataccen jinin ba? Daga wani dattijo a Haɗeja.

AMSA: Baba barka da war haka. Wannan tsoron ya daɗe, musamman tun annobar 1996, kuma na san inda ya samo asali: waɗanda aka cire wa ruwan dama su ne ciwon ya fi kamawa, sanƙarau kuwa da kansa yana barin kurumta da shanyewa, sai laifin ya faɗa kan allurar. Ita laka a jikin babba tana ƙarewa ne a wajen ƙashi na 1 zuwa na 2 na ƙugu, allurar kuma a ƙasa da nan ake sa ta, tsakanin na 3 da na 4 ko na 4 da na 5, inda sai saiwoyi ke yawo a ruwa suna kaucewa. Tun 1891 Heinrich Quincke ya fara yinta a Jamus. Abun da aka fi samu bayanta ciwon kai ne na 'yan kwanaki mai tashi in an zauna ya lafa in an kwanta. Da haihuwa kuwa ba abun da ya haɗa su, matan da ake wa tiyatar haihuwa ma ta nan ake musu allurar kashe zafi kuma suna sake haihuwa.

Ƙaho kuma Baba, da girmamawa ga wanzamai, jinin fata yake ja, tsakaninsa da wancan jinin akwai ƙashin kai da fata mai tauri, ba hanya. Abun da ya fi damuna lokacin da ake ɓatawa. Ciwon kan fashewar jijiya ba ya kama da na kullum, cikin ƙasa da minti ɗaya yake kai ƙarshen zafinsa, mutum ya ce bai taɓa jin irinsa ba, sau da yawa da amai da sanƙarewar wuya ko suma, kuma haɗarin jijiyar ta sake fashewa ya fi yawa a awa 24 na farko. Kar a ba shi asfirin ko ibufurofen don suna iya ƙara zubar, kar a ɗura mishi ruwa ko rubutu in ba ya cikin hayyacinsa don zai shaƙe, a kwantar da shi ta gefe a yi addu'ar a mota. A nufi inda ke da na'urar CT da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, irin asibitin koyarwa na Aminu Kano, ko na Shika a Zariya, ko na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, kuma wanda ya ga faɗuwar da idonsa ya bi su, don likita zai tambayi ƙarfe nawa abun ya fara da irin magungunan da mutumin yake sha.